Ranar da Shiyya ta Uku Ta Yi Shiru

Ranar Alhamis da azahar, ana tsakiyar cin osh, dafa-dukan shinkafa da nama, a tsakar gidan Usta Ortikali mai masaƙar siliki, wuta ta cinye ɗakin ajiyar da ke saman bene, ƙararrawar gobara kuwa ba ta ce uffan ba. Matar maƙwabci ce ta hango hayaƙin daga kan rufinta inda take shanya barkono, ta kwarma ihu. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta kutso lungunan garin Margilan, masaƙa sun riga sun ci ƙarfin wutar da bokitan ruwan rini, har bangon matakala ya koma shuɗi da ja. Ba wanda ya ji ciwo. Sai dai bandir arba'in na yadi, waɗanda aka shigo da su ranar Laraba da yamma, duk sun tafi.

A kan dakalin tagar matakala aka tsinci ɗan kaskon ƙarfe mai mariƙi, wanda tsohuwa Hosiyat, da kowa ke ce wa hola, wato goggo, ke turara busasshen ganyen isirik a ciki kowace safiya don kore mugun ido. Shi ke nan, unguwa ta gama shari'a tun toka ba ta huce ba. Wasu suka ce tsufa ne ya sa ta manta garwashi kusa da kaya. Wasu suka ce ai da gangan ne, don an ji Mirjalol, surukin Usta, yana cewa ɗakinta na ƙofar gida zai yi kyau da shago. Matan da ta turara wa jarirai shekara talatin su ne suka fi kowa tuna cewa dama idonta bai taɓa kwanta musu ba.

Jami'in kwana-kwana ya ce ranar Asabar da safe zai dawo ya rubuta suna a takarda. Usta kuma, ta bakin surukinsa, ya ce wanda sunansa ya hau takardar nan ba zai sake kwana a gidan ba. Hosiyat ba ta da ɗa, ba ta da wani ɗaki a duniya ban da wannan.

Da la'asar mai unguwa ya aika a kira Norkozi.

*

Shekara ashirin da shida Norkozi ya yi yana kashe gobara kafin gwiwa ta sauke shi daga tsani. Tun daga nan ya koma kafa akwatin ƙararrawa a ƙananan gine-gine, makarantar yara nan, gidan burodi can. Shi ya kafa na gidan Usta shekara takwas da suka wuce, akwati mai shiyya huɗu: ta ɗaya ɗakin masaƙa, ta biyu wajen ɗauri da rini, ta uku bene da matakalarsa, ta huɗu shago. Irin wannan akwatin ba ya faɗin wane hanci ne, cikin 'yan na'urorin da ake liƙawa a rufin ɗakuna, ya shaƙi hayaƙi, shiyyar kawai yake nunawa. Norkozi ya kan ce halinsa ɗaya da mai unguwa, ya san layin da ake rigima amma bai san gidan ba. A gaban mai unguwar ma yake faɗa.

Ya jingine kekensa a zaure ya tsaya gaban akwatin. Fitila ɗaya ce a kunne, koriya, mai cewa komai lafiya.

"To, me ka gani?" in ji mai unguwa, Abdukahhor, da ake ce wa ota, wato baba, wanda ya biyo shi da sanda.

"Maƙaryaci na gani, ota. Ɗaki ya ƙone, wayoyinsa sun narke, wannan kuma yana ce mini lafiya lau. Ko da bai yi kukan gobara ba, ai ya kamata yanzu ya kunna rawaya yana ƙorafin an yanke masa waya."

Ya kai hannu bayan akwatin inda mabuɗi ke rataye a ƙusa tun ranar farko. Ƙusa ce kawai.

"Yana wurina," wata murya ta ce daga ƙofar shago. Mirjalol ne, cikin farar riga wadda ko ɗigon toka babu a jikinta. "Kada ka ji haushi, Norkozi aka, yayana. Kai ka kafa shi, bai yi aiki ba, yanzu kuma kai ne za ka buɗe ka duba kanka? Ai sai da shaida."

Maganar ta soki Norkozi, don akwai gaskiya a cikinta. Ya haɗiye, ya ce hakan ya yi daidai. Aka tsayar cewa gobe bayan sallar Juma'a za a buɗe a gaban mai unguwa.

Ya hau bene shi kaɗai, yana dafa bango. Ɗakin yana warin roba. Ya tsuguna da ƙyar, ya cusa yatsu cikin ragowar bandir ɗin, ya ɗebo ya duba. Duk yaron da ya tashi a garin nan ya san yadda ake gwada siliki: a ja zare ɗaya a kai masa ashana, ya yi warin gashi, ya bar toka mai murmushewa. Abin da ke tafin Norkozi baƙaƙen dunƙuloli ne masu tauri kamar tsakuwa, irin abin da zaren roba ke bari. Ya zuba kaɗan a aljihu ya sauko.

*

Da safiyar Juma'a ya tarar da Hosiyat hola tana ɗaure kayanta a cikin zanen gado. Kayan ba su da yawa. Yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi, ƙullin ma ya ƙi ƙulluwa, sai da ya sa hannu ya taya ta, sannan ya ga abin da yake yi ya kwance.

"Ina za ki, hola? Asabar ba ta yi ba."

"Gara in fita da ƙafata, ɗana. Zauna, shayin bai huce ba."

Ta zuba masa kaɗan a gindin kwano, yadda ake yi wa baƙon da ba a so ya yi saurin tashi. Ya tambaye ta kaskon.

"Nawa ne, ni na ajiye shi. Uwar gida ta kira ni in tsince shinkafa, na zuba masa ragowar shayi ya mutu, na bar shi a taga. Shekara talatin ban taɓa ajiye shi da rai ba."

"Amma ni da ke mun yi alkawari. Bene ba na hayaƙi ba ne."

"Na sani. Tun ranar da akwatinka ya tara mini unguwa ban sake hawa da shi ba. Amma sabon kaya ya shigo, bandir arba'in, kowa ya gani, kowa ya yaba. A bar su haka ba turare? Na ce in akwatin ya yi kuka ya yi, na sha faɗa a baya ban mutu ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Na zagaya ɗakin sau uku, hayaƙi har ba na ganin rufi. Shiru. Na ce to madalla, abin nan na Norkozi ya fara koyon ladabi."

Norkozi ya ajiye kwanon. "Ƙarfe nawa ke nan?"

"Masaƙa ba su gama shigowa ba. Bakwai da wani abu."

"Kin faɗa wa wani?"

"Wa ya tambaye ni? Kai ne na farko da ya zauna."

Ya ji tausayinta, ya kuma ji kunya, don shi ma jiya da ya ji labarin kaskon sai da ya ce a ransa, tsohuwa ta yi ta. Ashe tun kafin ta taka matakala an riga an toshe wa shiyya ta uku hanci. Wanda ya yi hakan kuwa ya san wuta na zuwa.

*

Mirjalol yana shago yana jera gyaluluwa. Ɗan birnin Tashkent ne, ya auri 'yar Usta shekara huɗu da suka wuce, ya zo da wayar hannu biyu da dabaru masu yawa. Saƙa dai bai iya ba, amma ya iya yi wa baƙi bayaninta har su yi ƙwalla.

"An ce an gan ka a bene jiya da hantsi," in ji Norkozi.

"Na hau duba kayana."

"Da sigari ko babu?"

Mirjalol ya kalli ƙofar cikin gida. A garin nan suruki ba ya busa hayaƙi inda uban matarsa zai gani, ko da ya yi furfura. "A hankali, aka. Guda ɗaya ce, a taga."

"Bara da na zo gwaji na cire safar hannu daga kan hancin da ke ɗakin. Ban tambayi ta wane ne ba."

"Wannan bara ne. Jiya ban rufe komai ba, na manta ma da shi, kuma bai yi kuka ba. Na kashe ta a tafin takalmi na sauko. Da aka zuba osh ni ke yanka nama a gaban mutum ashirin, tambayi kowa."

Norkozi ya ciro dunƙulolin nan daga aljihu ya zuba a kan teburin gilashi. Suka yi ƙara kamar an zuba wake.

"Silikin Tashkent ke nan? Namu na nan ba ya haihuwar tsakuwa."

Fuskar Mirjalol ta sauya. Ya share su da sauri cikin tafinsa. "Kasuwa ce, aka. Inji ke buga zanen, ba a bambancewa sai an taɓa. Baƙo yana son mai araha, mu kuma bandir ɗaya na hannu wata guda yake ci. Amma ka yi tunani, ni zan ƙona abin da na sha wahalar kawowa?"

Norkozi ya so ƙwarai a ce shi ne. Da labarin ya yi daɗi, unguwa ma da ta karɓa hannu biyu. Amma mutumin ya faɗi gaskiya, duk gidan ba wanda wutar ta yi wa ɓarna kamarsa.

*

Wajen ɗauri yana bayan gida, ƙarƙashin rumfar inabi. A nan ake miƙe zaren siliki a kan katako, a zana masa alama da gawayi, a ɗaure wuraren da ba a so rini ya shiga, a tsoma, a kwance, a sake ɗaure wasu. Daga nan zanen ke fitowa, mai kama da gajimare. Mahaifin Norkozi ma aikin da ya yi ke nan har ya rasu.

Ergash, babban mai ɗauri na gidan, yana zaune a gaban katakonsa, bai ɗago ba. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake hannun Usta, yanzu gemunsa ya yi fari.

"Sannu da aiki, Ergash."

"Sannu, aka."

"Jiya kai ne na ƙarshen zuwa cin abinci, in ji su."

"Kullum ni ne. Ba na barin dami a rabin ɗauri."

"Ka ga wani a matakala?"

"Ban ga kowa ba." Hannunsa bai tsaya ba, zaren auduga yana zagaya damin siliki da sauri har ido ba ya bi. Can ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, "Da gaske ne za su kori hola?"

"Ta riga ta ɗaure kaya."

Zaren ya tsinke a hannun Ergash. Ya tsaya yana kallon guntun kamar bai san daga ina ya fito ba, sannan ya ɗauko wani.

Usta Ortikali kuwa yana kan gadon katako na tsakar gida, ya lulluɓe gwiwoyinsa da bargo duk da rana. Shekara biyu ke nan rawar hannu ta raba shi da zare. Norkozi ya tambaye shi ko ya san irin yadin da aka ajiye a bene. Tsohon ya daɗe yana kallon bishiyar tut, wadda tsutsar siliki ke cin ganyenta.

"Mijin 'yata ne," ya ce.

*

Bayan an sauko daga Juma'a, Mirjalol ya miƙa mabuɗi ga mai unguwa, mai unguwa ya miƙa wa Norkozi. Su uku ne kawai a zauren. Murfin ya buɗe.

Kowace shiyya waya biyu ne ke fita daga akwatin, su bi hancinan shiyyar ɗaya bayan ɗaya, a can ƙarshen layi kuma akwai ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, razista. Muddin akwatin yana jin wannan ɗan abin, ya san layinsa na nan lafiya. A shiyya ta uku an kwance wayoyin biyu, an ɗauko razista daga 'yar jakar da Norkozi ke liƙawa a cikin murfi saboda gyara, an ɗaura ta a bakin akwatin. Akwatin yana jin ƙwayarsa a kusa, ya ɗauka bene ne ke gaishe shi.

"Wa zai san wannan dabarar ban da kai?" in ji Mirjalol.

Norkozi ya sani. Bakinsa ne. Duk zuwansa gwaji sai ya yi wa duk wanda ya riƙe masa tsani lacca, har da yadda 'yan ha'inci ke rufe bakin akwati. Rabin gidan sun taɓa riƙe masa tsani.

Ya haska tocila yana neman wayoyin da aka kwance. Da ma'aikacin lantarki ne, da ya naɗe su da baƙin tef. Da mai gaggawa ne, da ya cusa su baya ya rufe. Waɗannan an lanƙwasa su a nutse, kowace an rufe bakinta da zaren auduga, zagaye kusa da zagaye, ba inda jan ƙarfe ya leƙo, aka bar ɗan jela a ƙarshe wanda ja ɗaya zai warware duka. Ɗauri ne wanda ko cikin tukunyar rini aka tsoma shi ruwa ba zai shiga ba.

Ya matso da tocilar ya bi zagayen da ido. Daga nan ya ciro almakashinsa ya yanke wayoyin can sama da ɗaurin, ya naɗe su a hankici.

"Ota, a tara mutanen gida bayan la'asar," ya ce. "A ce wa hola ma ta zo, kuma ta zo ba kaya."

*

Aka shimfiɗa ledar cin abinci a kan gadon katako, aka karya gurasa, don ko shari'a ce ba a yin ta a kan shimfiɗa wayam. Usta na can ƙurya, mai unguwa a gefensa. Mirjalol ya zauna yana juya waya. Ergash ya tsaya jikin ginshiƙin rumfa. Hosiyat ta rakuɓe a bakin gadon, masaƙa kuma suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗakinsu.

Norkozi bai iya dogon jawabi ba sai a kan akwati, don haka ta nan ya fara. Ya ce an toshe shiyya ta uku tun kafin ƙarfe bakwai na safiyar Alhamis, shaida kuwa hayaƙin hola da sigarin wani bawan Allah da ba zai ambata ba. Mirjalol ya sunkuyar da kai. Ya ce wanda ya yi ya zaɓi lokacin osh, sa'ar da ya tabbata ba rai ko ɗaya a cikin ginin, wato ba ya son kowa ya ji ciwo, kayan kawai yake so wuta ta samu lokacin cinyewa. Sannan ya faɗi abin da kayan suke. Masaƙa suka kalli juna, wata ta ce a'uzubillahi a hankali.

Ya warware hankicin ya ajiye kusa da gurasa.

"Hola, ɗaura mini irin wannan."

Ta ɗaga kumburarrun yatsunta. "Da waɗannan? Ni da zanen gado ya gagara?"

"Mirjalol fa?"

"Igiyar takalmi ma matata ke gyara mini," in ji shi, karon farko da aka ji ya rage wa kansa daraja da son ransa.

Usta ya jawo hankicin gabansa. Kallo ɗaya ya yi masa. Duk wanda ya koyar da ɗauri ya san hannun ɗalibinsa kamar yadda uwa ta san tafiyar ɗanta.

"Nawa ne," ya ce. "Ni na ɗaura. Gidana ne, kayana ne, na ƙona. A rubuta sunana."

Norkozi ya zuba shayi a kwano, ya cika shi fiye da yadda ladabi ya yarda, ya miƙa wa tsohon da hannu biyu. Usta ya karɓa. Kafin ya kai baki rabin shayin ya zube a kan bargo.

"Allah ya ba ka lafiya, Usta," in ji Norkozi a hankali. "Ko da hannunka na nan, kai daga dama kake zagayawa, kamar mahaifina. Wannan daga hagu ya taso."

Ba wanda ya juya, amma kowa ya san bahagon gidan.

Ergash ya bar jikin ginshiƙin, ya zo ya karɓi kwanon daga hannun Usta ya ajiye, ya goge masa bargon da hannun rigarsa.

"Bari, Usta. Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, kada ka fara saboda ni." Ya juyo ga mai unguwa. "Ni ne, ota. Laraba da yamma na ga ana liƙa wa yadin inji tambarin gidan nan, tambarin da kakan Usta ya sassaƙa. Sau uku na yi wa Usta magana tun bazara, sau uku ya kalli bishiya. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaure zare don in an ga tambarin nan a san hannu ne ya yi. Da asuba na buɗe akwatin. Na ɗaure wayoyin don kada su haɗu su lalata wa Norkozi aka aikinsa, ban ma lura da yadda na ɗaura ba. Da aka zauna cin osh na hau na sa wa kayan ashana."

"Ita fa?" in ji Norkozi, ya nuna Hosiyat da haɓa. Wannan ne abin da ya tsaya masa a rai tun safe. "Roba ka ƙona, wannan tsakaninka da hukuma. Amma kwana guda cur kana zaune kana ɗauri, tsohuwar da ta ɗinke maka rigar aure tana ɗaure kayanta."

"Ban san ta hau da kasko ba. Da aka tsince shi na ce gobe zan faɗa. Gobe ta yi na ce bayan Juma'a." Ya durƙusa a gabanta. "Tsoro na ji, hola. Ba ni da wani dalili."

Hosiyat ta dube shi, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta tashi ta nufi ɗakinta, aka ji tana jan zanen gado tana zazzage kaya a ƙasa.

*

Ranar Asabar tun da sassafe Norkozi yana kan tsani, gwiwa na yi masa tsiya, yana jan sabuwar waya zuwa saman matakala. Ya kafa sabon hanci, ya mayar da razista can ƙarshen layi inda take da zama, ya kulle akwatin, mabuɗin kuma ya damƙa wa mai unguwa. Ya ƙudurta a ransa daga yau mai riƙe tsani ba zai sake jin lacca ba. Shi kansa bai yarda zai iya ba.

Jami'in ya zo ƙarfe tara da ɗan sanda guda. Aka rubuta sunan Ergash. Usta ya sa aka kawo masa tambarin gidan daga shago, ya cusa a aljihun ƙirjinsa a gaban surukinsa, ya ce tambarin zai zauna nan har mai ɗauri ya dawo, ko yaushe ne.

Ergash ya fito da 'yar jaka. A gindin matakala Hosiyat ta tare hanya, kaskonta a hannu, isirik yana tartsatsi a kan garwashi.

"Tsaya, kai. Haka za ka fita gaban hukuma ba turare, idon unguwa duk a kanka?"

"Hola, ban cancanta ba."

"Wa ya tambaye ka? Sunkuya, ka yi mini tsawo."

Ya sunkuya. Ta zagaya kansa da kaskon sau uku tana motsa baki, hayaƙin ya taso fari, ya bi matakala ya hau. Norkozi ya gan shi yana tafiya, ya san abin da zai biyo baya, ya ƙyale shi.

Ƙararrawa ta fashe da kuka, jar fitilar shiyya ta uku ta kama. Tattabarun rufi suka watse, masaƙa suka firfito, matar maƙwabci ta leƙo ta kan katanga. Mirjalol ya ruga wajen akwatin yana laluben ƙusar da ba mabuɗi.

"Ƙyale shi," in ji Usta daga kan gadonsa.

Hosiyat ba ta ko waiwaya ba. Ta ƙarasa zagayenta, ta zuba wa garwashin ragowar shayi, sannan ta ɗaga kai ta harari akwatin.

"Yanzu ka samu baki," ta ce. "Ranar da nake neman mai shaida ina kake?"